A Sanar Da Mu In An Hango Hayaƙi Daga Sama

Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi tsokaci a kan gobarar daji da ke cinye mana amfanin gona duk kaka.

Yanzu masana suna koya wa kwamfuta gane hayaƙin gobara a hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka. Ana tara hotuna dubbai, mutane su yi musu alama: wannan hayaƙi ne, wannan gajimare, wannan ƙura. Kwamfuta ta yi ta dubawa har ta iya bambancewa da kanta, kamar yadda yaro ke koyon raba gero da ciyawa wajen noman farko. Amfanin abin shi ne, wuta in ƙarama ce ko tana ƙarƙashin itatuwa, tauraro kan kasa jin zafinta, amma hayaƙi ba ya ɓuya.

Dama taurarin suna nan. Hukumar NASA ta Amurka ta harba Terra a 1999 da Aqua a 2002, kuma tana sa wuraren da wuta ke ci a intanet kyauta, kamar awa 3 bayan tauraro ya wuce. To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ina amfanin a ga wuta a Amurka, manomin da damin dawarsa ke jibge a gona bai sani ba sai ya tarar da toka?

Roƙona biyu ne ga hukumarmu ta sararin samaniya, NASRDA, wadda aka harba mata NigeriaSat-1 tun 2003, da kuma jami'o'inmu.

Na farko, a koyar da kwamfutar da hotunan ƙasarmu. Lokacin gobara a nan shi ne lokacin hunturu, sa'ad da iska ke kwaso ƙura daga Bodele ta ƙasar Chadi. Wadda ta koyi aiki a dazukan Turawa za ta iya ɗaukar hazo a matsayin hayaƙi. In ta yi ƙarya sau biyu, na uku ba mai fitowa.

Na biyu, labarin ya iso gare mu da Hausa, ta rediyo da saƙon waya zuwa ga dagatai da masu unguwanni. Su ne za su sa a yi shela, samari su fita da ɗanyen ganye da fartanya su tare wutar.

Mu ma, jama'a, mu ji tsoron Allah. Kwamfuta ba ta kashe wuta. Mai cinna wa daji wuta don gafiya ɗaya, ya tuna wahalar damina guda ta wani yake ƙonawa. A share gefen gona, a kwashe dami da wuri.

Allah Ya kiyashe mu, amin.

Naku,
Manomi mai 'yar tireda,
Daga Ƙaramar Hukumar Giwa, Jihar Kaduna.