GIYA SUNANTA GIYA, KO DA AN NAƊA MATA RAWANI

Ya ku 'yan uwa matasa, a ƙasashen Turai akwai sana'ar da ake kira ɗanɗana giya. Za ka ga mutum ya sha kwat, ya ɗaga kofin gilashi ya jujjuya, ya shinshina, ya kurɓa ya guntse, sannan ya tofar a wani mazubi, ya ɗauki biro yana ba da maki. Wai shi masani ke nan.

Cikin giyar da suke ji da ita akwai wadda ake yi da inabin Chardonnay, wanda asalinsa yankin Bagandi ne a Faransa. Suna yabon wanda aka noma a wuri mai sanyi, kamar Chablis, domin sanyi yana jinkirta nunar inabin, tsaminsa bai gudu ba, har su ce suna jin ƙamshin lemon tsami da ɗanyar tuffa. A 1976, a birnin Faris, an ɓoye sunayen kwalabe, alƙalan Faransa da kansu suka ba wa ta Kalifoniya lamba ta ɗaya. Har gobe ana ba da labarin kamar an ci yaƙi.

To, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne, yau hotunan wannan abu suna cikin wayoyinmu, kuma ɗan uwa da ya tafi karatu waje, ko yake aiki a babban otal, za a miƙo masa kofi a ce, "Ai tofarwa ake yi." Nan ne tarkon yake. Allah (T) cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90, umurni ya yi da a nisanci giya baki ɗaya. Manzon Allah (S) kuwa ya haramta kaɗan ɗin abin da mai yawansa ke bugarwa, ya kuma hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da ita. Wanda aka ce ya nisanta, me ya kai ta bakinsa?

Su kansu likitocinsu sun shaida. Tun 1988 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya barasa cikin abubuwan da ke haddasa daji, a 2023 kuma hukumar ta ce babu wani gwargwado da za a sha a ce an tsira.

Inabi ni'ima ce, ka ci ka gode wa Allah. Amma in an miƙo kofin, kada kunya ta kama ka. Ka ce, "Ni Musulmi ne," ka tashi.

Allah ya tsare mana imaninmu, amin.