In Babbar Mota Ta Yi Haɗari, Ina Direba Zai Dosa?

Tun da jirgin ƙasa ya ja baya wajen ɗaukar kaya, kusan dukan hatsi da shanu da siminti da man fetur na ƙasar nan a kan kwalta suke tafiya. Sau da yawa kuwa in aka ba da labarin haɗarin tirela ko tanka, akan rufe shi da magana guda, watau direba ya tsere. Muna so mu duba wannan tserewa, gama malamai da akawuna su ne waɗanda dangin direba sukan fara nema in abin ya faru.

Ba mu ga laifin tsoronsa ba. Kowa ya san cewa in babbar mota ta take mutum a bakin kasuwa, taron da ya fusata ba ya tsayawa bincike, sau da dama akan ƙone mota, wani lokaci har da mai tuƙinta. Saboda haka in direba ya ga ransa yana cikin hatsari, ya bar wurin, amma fa ƙafarsa kada ta tsaya ko'ina sai caji ofis mafi kusa. Wanda ya kai kansa ga 'yan sanda ya guje wa taro ne kawai. Wanda ya shiga daji ya ɓuya a garin kawunsa ya guje wa shari'a, ya kuma ƙara wa kansa laifi na biyu, domin rashin kai rahoton haɗari laifi ne mai zaman kansa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar waya 122, akwai kuma 112 ta neman agajin gaggawa.

In babu barazana, to, tsayawa wajibi ne. A kashe inji, a kafa alamar gargaɗi da nisa, gaba da baya. Ganyen da aka saba karyowa a zuba a hanya ya fi babu, amma da dare ba ya ganuwa. Sa'an nan a nemi waɗanda suka ji rauni. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, don haka kada a ɓata lokaci ana jiran takardar 'yan sanda jini yana zuba. Direban tanka kuwa nauyinsa ya fi na kowa. A Majiya ta Jihar Jigawa, cikin Oktoba 2024, mutum fiye da 150 suka hallaka, a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja kuma, cikin Janairu 2025, fiye da 80. Faɗuwar motar ba ita ta kashe yawancinsu ba, wutar da ta tashi bayan jama'a sun taru kwasar mai ita ta cinye su. Korar mutane daga wurin shi ne aikin farko, ko da murya za ta dushe.

Wuri mai wuya shi ne na harshe. Direban da zuciyarsa ke gaya masa cewa shi ya jawo abin yakan faɗa ɗayan rami biyu: ko ya shirga ƙarya, ko ya rushe da kuka yana cewa laifinsa ne duka. Ƙarya ba ta daɗewa, gama sawun taya da jami'an duba motoci za su tona ta. Amma yanke wa kai hukunci a bakin hanya shi ma kuskure ne, domin a wannan sa'a direba bai san dukan abin da ya faru ba. In burki ya tsinke, wa ya hana kuɗin gyara tun makon jiya? In kaya sun rinjayi mota, wa ya yi lodin da ya wuce ƙima? Wa ya ce lalle a kwana ana tafiya don a iso da asuba? Ya faɗi abin da ya gani da abin da ya yi, har da gudun da yake yi, da gyangyaɗi in ya yi, ya bar rabon laifi ga alƙali. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya ga lauya. Kada kuma ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan bayanin da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. A nan ne mai ilmi daga cikin dangi yake da amfani ƙwarai.

Mai mota shi ma ba zai zare hannunsa ba, gama shari'a tana ɗora wa ubangida alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. A sanar da shi nan take, shi kuma ya sanar da kamfanin inshora, tare da hotunan wurin da sunayen shaidu. Dokar da ta tilasta inshorar kare waɗansu ta samo asali tun 1945. A farkon 2023 aka sa kuɗinta na manyan motocin haya Naira 100,000 a shekara, da biyan ɓarnar dukiya har Naira miliyan 5. Abin baƙin ciki, ranar haɗari ce waɗansu suke gane cewa takardar da aka sayar musu a bakin tasha ta jabu ce. Kamfanonin kuma sukan sa sharaɗi cewa kada a yi alkawarin biya ba da saninsu ba.

Saura hakkin mamaci. Ga Musulmi, kisan kuskure yana da diyya da kaffara, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, kuma tarar kotu ba ta sauke su. Ya kamata dattawan direba da mai mota da shugabannin tasha su je ta'aziyya da wuri, su ɗauki kuɗin maganin masu rauni. In an kai ga sulhu, a rubuta shi a gaban shaidu da sanin kamfanin inshora, a kuma fahimtar da kowa cewa yafewar iyali ba lalle ta tsayar da ƙarar da hukuma ta shigar a kan tuƙin ganganci ba.