Muhimmancin Adana Tarihin Ayyukan 'Yan Kwangila

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Wannan ya ƙara wa shugabanninsu nauyin tantance waɗanda suke damƙa wa ayyukan raya karkara.

Dokar bayar da kwangila ta tarayya ta 2007 ta ɗora wa hukumar BPP alhakin adana bayanan 'yan kwangila. Haka kuma ta tanadi haramta wa duk kamfanin da kotu ta samu da laifi kwangila na aƙalla shekara biyar. Sai dai ɗan kwangilar da ya karɓi kafin alƙalami, ya yi watsi da rijiyar burtsatse ko ɗakin shan magani, yana iya sake sunan kamfani ya ɓulla a maƙwabciyar ƙaramar hukuma.

Don haka wajibi ne sashen ayyuka ya buɗe kundi mai ɗauke da sunayen masu kamfani, wa'adin aiki, ranar kammalawa da ingancinsa. Dagatai da masu unguwanni su ne shaidun gani da ido. Ya kamata a nemi bayaninsu kafin biyan cikon kuɗi.