A Ba Tsohon Sito Sabon Aiki

A ƙasashen Turawa, tun fiye da shekara 40 da suka wuce, an shiga wata al'ada wadda ta cancanci mu tsaya mu dube ta. Mutum biyu ko uku su haɗa kuɗi, su karɓi hayar wani tsohon ginin masana'anta wanda masu shi suka tashi suka bari, su share, su gyara daɓe, su kafa tukwane, su shiga dafa giya kaɗan-kaɗan suna sayar wa mutanen unguwa. Na san da jin kalmar giya wani zai ninke jarida. To, a yi haƙuri a ƙarasa. Addininmu ya haramta ta, dokar Jihar Katsina kuma ta hana cinikinta tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, ni kuwa ban zo neman a sassauta ko ɗaya ba. Abin da nake so mu ɗauka shi ne dabarar ginin da dabarar tukunyar.

Wajen 1980 gidajen dafa giya na Amurka duka ba su kai 100 ba, manyan kamfanoni sun haɗiye ƙanana. A wajen wannan lokaci wani mutum, Ken Grossman, ya kama hayar wani sito a garin Chico na Jihar Kalifoniya. Ba shi da kuɗin sayen sababbin injuna, sai ya bi wuraren 'yan gwangwan yana tsintar tankunan da gidajen madara suka yar, ya yi musu walda da hannunsa. Kamfanin nan, Sierra Nevada, ya zama ɗaya daga cikin manyan irinsa. Zuwa 2020 gidajen dafa giya na ƙasar sun haura 8,000, galibinsu ƙanana, da yawa kuwa cikin tsofaffin gine-gine suke. A Landan har ƙarƙashin gadojin jirgin ƙasa an kakkafa su. Dalili kuwa ba wani ɓoyayye ba ne: tsohon gini hayarsa da araha, rufinsa da tsawo, daɓensa yana ɗaukar nauyi, ƙofarsa mota tana shiga.

Mu fa? In ana maganar gine-ginen da suka zama kufai, Arewa ba ta da na biyu. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Wanda ya zaga Bompai ko Sharaɗa a Kano ya ga ƙofofi nawa tsatsa ta cinye. Mu a Dutsi da ƙasar Daura ba mu taɓa samun manyan masana'antu irin waɗannan ba, amma muna da namu daidai mu. Tun da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, sito-sito na gyaɗa da auduga suka rasa aikin yi, bayansu kuma aka gina na taki da na hatsi, wasu suka bi sahu. Ba akawun Ƙaramar Hukuma da zai ce bai san irin wannan gini ba a garinsu: kwano ya ɗaye, jemagu sun tare, awaki suna kwana a inuwarsa, sunansa kuwa yana nan cikin littafin kayan hukuma kamar mai rai.

Shawarata ita ce a ɗauki ɗaya, guda ɗaya tak, a mai da shi wurin dafa zoɓo da ruwan tsamiya a zuba a kwalba, yadda za su yi makonni ba su lalace ba.

Wani zai ce ina haɗin wannan da aikin masu giya? Haɗin ya fi yadda ake zato. Mai giya yakan jiƙa hatsi har ya yi tsiro, ya shanya, ya niƙa, ya dafa, ya tace, ya sami ruwa mai zaƙi. Har zuwa nan bai yi abin da uwargida mai kunun zaƙi ba ta sani ba. Sa'an nan ne yake zuba yis, watau wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su cinye zaƙin su mai da shi barasa. In aka tsaya kafin wannan mataki, aka ƙara sukari, abin da ake samu shi ne lemon malta, irin Maltina wadda kamfanin Nigerian Breweries ya fito da ita a 1976, wadda muke sha a wurin suna da ɗaurin aure. Har ila yau, tun da Gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje a 1988, kamfanonin nan suka koma ga dawa da masara. Watau manominmu ya noma dawa ya sayar a buhu, ta tafi ta komo masa a kwalba da tsada.

Haka labarin zoɓo yake, har ya fi ciwo. Ana shuka shi a iyakar gona ko'ina a ƙasar nan, har tsallaken iyaka wajen Damagaram. 'Yan kasuwa su tara shi, ya bi ta Dawanau a Kano, ya hau jirgin ruwa zuwa Meziko, inda mutane ke shan sa kamar yadda muke sha. Mutanen Sanagal suna ce masa bisaf, na Masar da Sudan karkade. Mu da muke noma shi, wanda muka dafa da safe kafin gobe ya yi tsami, gorar ta kumbura. Me ya kumbura ta? Yis ɗin nan ne dai, na cikin iska da na jikin mazubi, ya sami sukari ya kama aikinsa. Ashe ilmin da mai giya yake kiwon yis da shi, shi ne ilmin da mai zoɓo yake bukata don ya kashe shi. Wani masani Bafaranshe, Luwi Fasto, ya nuna hanyar tun wajen 1865: a rufe abin sha a kwalba mai tsabta, a ɗumama shi da zafin da bai kai tafasa ba na ɗan lokaci, ƙwayoyin su mutu. Musulmin da yake tsoron kada abin shansa ya juye, shi ya fi kowa bukatar wannan ilmi.

Na ce zoɓo da tsamiya, ban ce kunun aya ba, da gangan. Tsamin da ke cikin waɗancan biyu yana taimakon tsare su. Aya kuwa ba ta da tsami, ga maiƙo, in ba sanyi ko wuni ɗaya ba ta yi, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta a ƙauyukanmu. A bar ta sai ƙafa ta tsaya.

Amma fa ba kowane sito ne zai yi ba, a nan nake so a buɗe ido. Wanda aka taɓa jibge maganin ƙwari a ciki, irin su Gamalin, daɓensa ya sha guba, wanki ba ya fid da ita. Ko dai a fasa daɓen a sake, ko a nemi wani gini. Wanda rufinsa na asbesto ne, ƙurarsa tana cutar huhu, sai a sauke shi da hankali a sa kwano. Daɓe ya zama da gangare zuwa magudana, gama aikin nan rabinsa wanki ne. Tagogi a sa musu raga saboda ƙuda da zuma. Ruwa kuwa shi ne uwa uba: in ba rijiyar burtsatse kusa, da na'urar hasken rana mai jawo ruwan, kada a fara. Tukwane su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, domin tsamin zoɓo yana cin tukunyar dalma da ta baƙin ƙarfe. Maƙeranmu da masu walda za su iya haɗa mafi yawan kayan nan in an nuna musu zane. Bayan haka sai a nemi rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, gama in ba lambarta babu babban kanti da zai karɓi kayan.

Akwai wata magana mai nauyi da na ji ana yi, ban kuwa raina ta ba. An ce zoɓo sana'ar matan cikin gida ce, da ita ake sayen sabulu da littattafan yara da kayan ɗakin 'ya mace, in aka kafa masana'anta an ƙwace musu abinci. Lalle haka zai faru in aka miƙa ginin ga wani mai uwa a gindin murhu ya ɗauki leburori. Saboda haka nake cewa a ba ƙungiyar gama kai ta matan da ke wannan sana'a tun asali, su ne suka san gwargwadon citta da kanumfari, su ne kuma ke da masu saye. Kada kuma mu yi kamar ba mu san inda gorunan da ake ɗura zoɓo a ciki yanzu suke fitowa ba. Yara ne ke tsinto su a tasha da bola da bakin asibiti. 'Ya'yanmu na makaranta ne suke kafa baki a kansu lokacin tara. Kwalbar gilashi wadda ake komo da ita a dafa a sake cikawa ta fi wannan nesa ba kusa ba.

Abin da ya rage ga hukuma kaɗan ne, bai kuma bukatar kwangila. Akawu ya buɗe littafin kaya ya fid da sunayen gine-ginen da ba a amfani da su. Majalisa ta zaɓi ɗaya ta ba da hayarsa da rahusa, a rubuce, shekara 5, da sharaɗin in an bar aiki wata 6 gini ya komo. A rubuce nake cewa, don kada sabon shugaba ya zo ya kori mata bayan sun zuba kuɗinsu a daɓe. Kwalejin Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Daura a 2019 tana kusa, a roƙe ta ta taimaka da zanen tukwane da horon masu walda.

Ku kuma malaman makaranta, naku ya fi sauƙi, kuna iya farawa makon nan. Malamin kimiyya ya dafa zoɓo gaban yara, ya cika kwalba biyu ya toshe, ɗaya ya ɗumama ta cikin ruwan zafi minti 20, ɗaya ya bar ta haka nan. A ajiye su a kan taga, yara su riƙa dubawa kowace safiya suna rubuta abin da suka gani. Amma a riƙa sassauta murfin ta biyun kullum, gama in aka bar ta a toshe tana iya fashewa.