Gini ba ya karɓar haihuwa: raddi ga masu cewa a raba asibiti da siyasa

Wani dattijo da nake ganin girmansa, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya tsare ni a Dutse bayan an shafa fatihar wani ɗaurin aure. Laifina shi ne na tambaya a bainar jama'a ko ma'aikata nawa ne ke kwana a asibitocin ƙaramar hukumar Buji. Ya ce irin wannan tambaya tonon silili ce. Ban katse shi ba, don ba a yi mini tarbiyyar haka ba. Amma Baba Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, ga amsar da na haɗiye ranar.

Ka ce lafiya ba siyasa ba ce. To wa ya kafa tsarin kiwon lafiya na Gunduma a 2007, in ba gwamnatin Sule Lamido da majalisar jiha ba? Wa ya zaɓi Gantsa, tare da Garki da Guri, a gina musu babban asibiti zamanin Badaru Abubakar? Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, a zauren majalisa aka yi ta. Alkawarin kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, shugabannin Afirka ne suka ɗauke shi a Abuja a 2001. Ita kanta Buji alƙalamin mai mulki ne ya yanke ta daga Birnin Kudu a 1996. Ranar buɗe asibiti ana kiɗa, ana liƙa hoton ginin a fastar kamfe, ba wanda ke cewa a cire siyasa. Sai an zo tambaya ake tuna wannan nasiha. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Ka ce an yi gine-gine, mai ido ya gani. Na gani, kuma ban raina ba. Sai dai matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa a Kawaya ko Madabe da ƙarfe biyun dare ba fenti take nema ba. Irin wannan zubar jini na iya kashe mace cikin awa biyu. Abin da zai cece ta, da ikon Allah, ungozoma ce da ke nan a farke, da allurar tsayar da jini da ba ta lalace a zafi ba, da motar da ke da mai, da jinin da za a ƙara mata in an isa. Shirin Haihuwa Lafiya ya gane rabin matsalar tun tuni, shi ya sa aka nemi direbobi su riƙa kai masu naƙuda. Amma direba ƙofa kawai zai kai ta.

Dubi Jahun. Tun 2008 ƙungiyar likitocin MSF ke aiki a sashen haihuwa na babban asibitin garin, mata na tururuwa daga nesa, suna wuce asibitocin da suka fi kusa da su. Ba kyan gini ya ja su ba. Sun san ko yaushe suka je akwai wanda zai taɓa su. A can ne kuma ake ɗinkin yoyon fitsari, cutar da akasari doguwar naƙuda ke haifarwa. Kusan kowace mace a wannan ɗaki shaida ce cewa wani wuri an makara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana buƙatar likita da nas da ungozoma kusan 45 ga kowane mutum dubu goma. Ban ce Buji ta cika wannan gobe ba. Cewa na yi a faɗa mana nawa muke da su a mazaɓu goman nan, daga Ahoto har Yayarin Tukur, mu san tsawon tafiyar.

Ka ce likitoci ko'ina guduwa suke yi, Saudiyya da Ingila sun kwashe su. Akwai gaskiya a nan. Amma likitan da ya ƙi zama a Gantsa ba lallai Landan ya tafi ba. Sau da yawa Birnin Kudu ce, inda asibitin tarayya yake, ko Dutse, ko Kano. Wannan gasa ce ta albashi da gidan kwana da makarantar 'ya'ya, duk abubuwan da kasafi ke iya gyarawa. Kuma yawancin aikin ƙauye ba na likita ba ne. Muna da makarantar nas a Birnin Kudu, muna da ta kimiyyar lafiya a Jahun. An tura ɗalibai Sin su karanto likitanci, gwamnatin Umar Namadi ta ɗauki ma'aikata a shirin J-Health. Madalla. Ina aka tura su? Nawa ne suka je, nawa ne takardar wani babba ta mayar da su birni kafin wata ya ƙare? Kai ka yi aikin ofis, Baba, ka fi ni sanin wannan takarda.

Hujjarka ta ƙarshe ita ta fi yi mini ciwo: wai tamowa sakacin iyaye ne, mutuwar yara kuma ƙaddara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar a tsumbure, a jihar da ke noma riɗi da gyaɗa da shinkafa. Na yarda akwai uwar da ke ɗura wa jariri ruwa kafin wata shida, akwai maigidan da ke sayar da wake kaf ya bar yara da kunu zalla. Amma wa zai gaya musu? Ma'aikaciyar awo ce, wadda ake ce mini kada in tambayi ko tana nan. Shirin Masaki na ciyar da yara da abincin gida, 'yan majalisar jiha sun sa hannu a cikinsa, ba wanda ya ce sun shigo da siyasa. Dokar kare yara ma sai a Disamban 2021 aka sa mata hannu a Jigawa, shekara 18 bayan ta tarayya, kuma matsin lamba ne ya kawo ta.

Batun ƙaddara kuwa, mun yi imani da ita. Sayyidina Umar ma ya yi, amma da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, bai shiga da su ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da mulki a hannunsa, ya zauna ya yi rubuce-rubuce kan magani. Shan inna da ta gurgunta yaranmu, har aka dakatar da rigakafinta a Kano a 2003, an tabbatar da kawar da nau'inta na daji daga Afirka a Agustan 2020, bayan an yi shekaru ana bin gida-gida, ana tambayar mai unguwa da hakimi da ciyaman lissafin yaran da aka tsallake.

Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, wannan lissafi ya ƙara matsowa sakatariyar ƙaramar hukumar Buji da ke Gantsa. Buƙatata ƙarama ce: a liƙa jadawalin masu aikin dare a ƙofar kowane asibitin mazaɓa, kansila ya riƙa leƙawa bayan isha'i, ɗan majalisa ya karanta abin da aka tarar a zaure. In jadawalin ya cika kuma masu shi suna nan, zan zo har zaurenka in ba ka haƙuri a gaban waɗanda suka ji mu ranar.