Kafin ka ƙwace salular, tambayi yaron aikin da yake yi a cikin wasan

Ɗan ƙanwata yana zaune a wurina nan Matankari tun da ya shiga kwaleji, bana kuma shi ne zai zauna jarrabawar BEPC. Wani dare cikin watan Janairu, sanyi ya kwantar da gari, na fito kewayawa wajen ƙarfe ɗaya sai na hangi haske ta ƙasan ƙofar ɗakinsa. Na tura ƙofa na tarar da shi dunƙule cikin bargo, salula a hannu, abin ji a kunne, yana magana ƙasa-ƙasa da Faransanci. Na miƙa hannu na ce ya ba ni. Yaron da bai taɓa yi mini musu ba ya ɗago kai ya ce, "Kawu, don Allah minti goma. In na fita yanzu dukansu mutuwa za su yi." Na ce su wa? Ya ce, "Mutum huɗu ne, ni ne tankinsu." Ban tsaya sauraro ba. Na karɓe salular na kashe, na tafi da ita ɗakina.

Da gari ya waye na shirya jin magiya a kan a mayar masa da abinsa. Da ya zo gaishe ni, sai ya ce minti biyu kawai yake so in ara masa, ya ba abokansa haƙuri, don ya watsar da su a tsakiyar faɗa ba tare da sallama ba. Wannan roƙo ya tsaya mini a rai. Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da alli, na sha ganin yaran da wasa ya ɗauke wa hankali, amma ban taɓa ganin wanda ya ji kunyar saɓa alkawari a cikin wasa ba. Shi ya sa na zaunar da shi na ce ya koya mini, na kuma bi diddigin abin da kaina. Ga abin da na fahimta, da dalilin da ya sa nake ganin mu iyaye da malamai muna yi wa yaranmu tambayar da ba ta cika ba.

Wasannin da nake magana a kansu su ne waɗanda dubban mutane ke shiga duniya guda ta intanet, kowa da mutum-mutuminsa, su haɗa ƙungiya su shiga kogo su yaƙi dodanni. EverQuest ya fito a 1999, World of Warcraft a 2004, Final Fantasy XIV kuma aka sake gina shi a 2013. Waɗannan sai da kwamfuta ko na'urar wasa, shi ya sa da ba su dame mu ba. Yanzu akwai irinsu da ke tafiya a salula, kamar Albion Online da ya sauka a waya a 2021, kuma shigarsa kyauta ce. Wanda yaron gidana yake yi ba zan kama sunansa ba, kada in yi masa talla.

A kusan dukansu aikin ƙungiya kashi uku ne. Akwai masu sara da harbi, su ke kashe dodo. Akwai mai magani, shi ke mayar wa waɗanda aka raunata lafiya. Sai tanki, wanda ni na fi so in kira shi garkuwa, mai sulken ƙarfe da jini mai yawa, wanda aikinsa shi ne duk dukan da dodo zai yi ya sauka a kansa. A World of Warcraft ƙungiyar kogo mutum biyar ce: garkuwa ɗaya, mai magani ɗaya, masu sara uku. A Final Fantasy XIV mutum huɗu ne, masu saran biyu.

Yadda ake riƙe hankalin dodon shi ne abin da ya fi ba ni mamaki, domin lissafi ne tsagwaronsa. Kowane dodo yana da jerin sunayen waɗanda ke gabansa, kowane suna da makin fushi a gefensa. Ka sare shi, makinka ya ƙaru. Ka warkar da wanda yake duka, nan ma makinka ya ƙaru. Wanda ke saman jerin, shi dodo zai bi. Yaran suna kiran wannan "agro". A tsohon tsarin World of Warcraft ƴan wasa sun gano cewa wanda ke kusa da dodo sai makinsa ya haura kashi 110 cikin ɗari na makin garkuwa kafin dodon ya juyo kansa, wanda ke harbi daga nesa kuma sai ya haura kashi 130, sannan magani yana jawo rabin fushin da sara ke jawowa. Ke nan garkuwa yana tsere da abokansa ne: duk ƙarfin da suka ƙara, dole ya ƙara tsokana don ya zauna a sama. Idan dodo ya kuɓuce masa ya nufi mai magani, yana da wata tsawa, kamar kirarin ɗan kokowa a fage, da ke dawo da dodon kansa nan take. Sai dai in ya yi ta sau ɗaya dole ya jira wasu daƙiƙoƙi kafin ya sake, don haka ba a ɓarnatar da ita.

Bayan wannan, shi ke juya fuskar dodo ta kalli bango, don wutar da zai fesa kada ta taɓa sauran. Shi ke yanke shawarar dodanni nawa za a tsokano a lokaci guda. Shi ke duba ko mai magani yana da sauran ƙarfi kafin a sake shiga. Akwai wani bidiyon barkwanci na 2005 da ya zaga duniya, na Leeroy Jenkins: ƙungiya na tsaye tana tsara dabara, mutum ɗaya ya ruga ciki yana kiran sunansa, ya taso dodanni, kowa ya mutu. Garkuwa na gari kishiyar wannan mutumin ne. To da an gama faɗa, allon maki yakan nuna wanda ya fi yin ɓarna a jikin dodo, kuma sunan garkuwa ba kasafai yake sama ba. In an ci nasara a yabi masu sara, in an faɗi a tambayi garkuwa. Shi ya sa masu son aikin ba su da yawa, har kamfanin World of Warcraft ya fara ba da tukuici na musamman a 2011 ga wanda ya yarda ya ɗauki aikin da ake ƙarancin masu yinsa.

Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Damagaram ko Katsina ya ga ƴan lifidi, doki da mahayi a naɗe cikin auduga mai kauri. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigo da lifidi da sulke ga Sarki Kananeji, wajen shekara 600 da suka wuce. Ɗan lifidi nauyi gare shi, ba shi da saurin mai sukuwa, amma shi ke shiga gaba kibiya ta ƙare a jikinsa. Kakanninmu sun san rundunar da kowa ke son ya zama mai kashewa ba ta daɗewa a fage.

Ra'ayina shi ne, tambayar "awa nawa ka yi a kan salula?" tana da kyau, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Sai mun haɗa da "wane aiki kake yi a ciki?" Yaron da ke wasan harbi shi kaɗai, in ka kashe masa waya, wasa kawai ka yanke. Yaron da ke garkuwa, in ka kashe, ka sa shi ya ci amanar mutum huɗu da suka ba shi lokacinsu. Mu da muke koya masa cika alkawari tun yana ƙarami, mu ne kuma muka tilasta masa saɓawa, sannan muna mamakin ya ɗaure fuska kwana uku.

Kada a ɗauka wanke wasan nake yi. Wannan halin kirki da na yaba, shi ne igiyar da ke ɗaure yaron. Mai sara in ya tafi a samu wani cikin minti ɗaya, garkuwa kuwa nemansa ake yi, kiransa ake yi, roƙonsa ake yi ya ƙara zagaye ɗaya. Yaro ɗan shekara goma sha biyar da aka ce masa "ba mu iya yi sai da kai" zai yi wuya ya ce a'a, musamman in a gida da makaranta ba wanda ya taɓa faɗa masa haka. Abokan na gidana biyu a Abidjan suke, ɗaya a Dakar, kuma agogonsu yana bayan namu da awa guda. Sha biyun darensu ƙarfe ɗayanmu ne. Ga kuɗin forfe da ke cinye jikka bayan jikka, ga asuba da ake makara, ga gyangyaɗi a aji, ga baƙin da ba mu san tarbiyyarsu ba suna magana a kunnen ɗanmu cikin dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka matsalar kamuwa da wasan bidiyo a jerin cututtuka a 2019, jerin ya fara aiki a Janairun 2022. Alamominta uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran lamuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illa, yawanci har tsawon wata 12. Ƙasar Sin ma a 2021 ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Mu a nan Arewa hukumar da za ta yi wannan aiki ita ce uwa da uba da kawu.

Wani zai ce, to Mushe, ai maganin a ƙwace salular gaba ɗaya a huta. Na gwada, kuma na san abin da ke biyo baya: ya ari ta aboki a bayan kasuwa, ya koyi ɓoyewa, kai kuma ka rasa ko da ganin abin da yake yi. Salula ta riga ta shigo, ita ce kuma ake turo masa darasi da tsofaffin tambayoyin jarrabawa ta WhatsApp a kanta. Abin da ya rage mana shi ne doka mai hankali.

Ga abin da nake ba iyaye shawara. Shiga kogo yana da farko yana da ƙarshe, don haka a sa dokar a bakin ƙofa: ba a fara sabon zagaye bayan ƙarfe tara na dare, wanda aka riga aka fara kuma a bari ya ƙare. Salula ta kwana a ɗakin babba, a nan za a yi mata caji. A tambayi yaro su wa yake wasa da su, daga ina suke, shekarunsu nawa, kuma a ce ya cire abin kunne wani lokaci a ji irin maganar da ake yi. Kada ya sayi komai a cikin wasa da kuɗi na gaske sai da sani. Abu mafi muhimmanci, a sa shi ya faɗa wa ƙungiyarsa lokutansa da bakinsa, ya kuma sanar da su tun da wuri cewa watannin jarrabawa ba ya nan, su nemi wani. Wanda ya iya duba ƙarfin mai magani kafin ya tsokano dodo, ya kamata ya iya duba nasa barcin.

Mu malamai kuma akwai namu kason. Takardar sakamako da muke rabawa, na ɗaya, na biyu, na talatin, ba ta da bambanci da allon makin masu sara. Tana nuna wanda ya fi ci, tana mantawa da yarinyar da ke zama bayan an tashi tana maimaita wa ƙawayenta lissafi, da shugaban ajin da ke shan faɗanmu a kan laifin wasu, da wanda ke raba faɗa a filin wasa. Kowane aji yana da garkuwarsa, kuma yawanci ba mu taɓa kiran sunansa a gaban tuta ba. Idan dodon kwamfuta ne kaɗai wurin da ake gode wa irin wannan yaro, kada mu yi mamaki in ya fi son can. Idan za mu ba da aikin rukuni, mu raba aiki da suna: wannan mai rubutu, wannan mai bayani, wannan mai kula da lokaci da tabbatar da kowa ya fahimta, kuma kowane aiki ya sami makinsa.

Da yaron yake mini bayanin juya fuskar dodo, dariya ta kama ni, don na tuna abin da aka koya mana a makarantar horon malamai ta Dosso game da riƙe aji mai yawa. Ɗalibi mai fitina hankalin jama'a yake nema. In ka tsaya kana musu da shi a gaban allo, ka juyo da wutarsa kan aji duka, darasi ya mutu. In ka matsa kusa da shi, ka ba shi aiki a hannu, ka ajiye maganar sai an fita, sauran saba'in ɗin sun samu sun yi karatu. Ashe aikin da nake yi tun safe har rana da alli, shi ɗan ƙanwata yake yi da dare da yatsu biyu.

Na mayar masa da salular bayan kwana uku, bisa sharuɗɗan da na lissafa a sama. Ya ba abokansa haƙuri, ya kuma gaya musu daga watan Afrilu sai bayan jarrabawa. Sau biyu ya karya dokar ƙarfe tara, sau biyu kuma salular ta yi mako a akwatina, bai yi gardama ba don da shi aka yi dokar. Yanzu da yamma shi ke tara ƴan ajinsu huɗu a zauren gidana suna bitar lissafi, na ji shi yana hana mai saurin cikinsu wucewa gaba sai na baya ya kamo. Jarrabawa na tafe, sakamako kuma na Allah ne.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba ɗalibanmu sa'a, mu kuma ya ba mu haƙurin tambaya kafin hukunci.