Balan-balan ɗin Jules Verne ya ratsa Damagaram, ya kamata rediyo ta ba da labarin daga ƙasa

Tun da kundin tsarin tafiyar da ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, magana ta fi yawa a kan makarantu da takardun ofis. Magabatan da ke ma'aikatun unguwar Plateau a Yamai ba su cika tabo batun abin da yaro zai saurara da daddare da wannan harshe ba. Wasan kwaikwayon rediyo ya daɗe da karɓuwa a ƙasar, tun zamanin da Yazi Dogo da abokan wasansa na Damagaram ke tara jama'a gaban akwatin Muryar Sahel. Sai dai jigon wasannin bai cika wuce rikicin aure da kishi da faɗakarwa ba. Labarin kimiyya da yawon kasada, wanda ke sa yaro ya ɗaga kai ya tambayi yadda abu ke tashi sama, da wuya a ji shi.

Ga littafin da ya dace a fara da shi. A 1863 Bafaranshe Jules Verne ya fitar da Cinq semaines en ballon, labarin Turawan Ingila uku, Dokta Fergusson da abokinsa Kennedy da baransa Joe, da suka tashi daga Zanzibar cikin balan-balan suka keta Afirka har kogin Sanagal. Hanyar tasu ta bi ta tafkin Chadi, ta saman Damagaram, ta kusa da Agadas, sannan ta faɗa kogin Kwara zuwa Tambutu. Verne bai taɓa taka wannan ƙasa ba. Ya dogara ne da rubuce-rubucen matafiya irin su Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Agadas a 1850. Marubucin ya rasu a 1905, don haka babu wanda za a biya kuɗin haƙƙin mallaka.

Amma a fassara shi kai tsaye kuskure ne babba. Mutanen da ke ƙasa a littafin galibi jahilai ne masu ihu da gudu, kuma abin da ya ɗauko game da Damagaram shi ne filin da ake kashe masu laifi. A daidai lokacin kuwa Sarki Tanimun ne ke kan karaga, garin na da ganuwa, ana ƙera igwa, ayarin fatake na kai da komo har Tarabulus. Yaron Birni ko na Zango da zai ji an kwatanta kakanninsa haka da harshensa, an cuce shi sau biyu.

Mafita ita ce a juya labarin. A 30 ga Oktoba 1938, Orson Welles ya ɗauki littafin H. G. Wells na yaƙin mutanen duniyar Mars, ya ɗauke shi daga Ingila ya dasa a jihar New Jersey ta Amurka, ya mai da shi kamar labarai da ɗumi-ɗuminsu, har wasu masu saurare suka ɗauka gaske ne. Marubucin Nijar na da irin wannan 'yanci. Sai a bar Turawan a sama, a sauko da makirufo cikin kasuwa: maƙerin sarki na gardama da malami a kan abin da ke riƙe wannan ƙwarya a iska, madugu na lissafin kwana nawa raƙumi zai yi kafin ya cim mata, fadawa na neman wanda zai shiga ya gaya wa sarki. A cikin wannan gardama ce mai sauraro zai gane cewa iskar da ke cikin balan-balan ɗin ta fi ta waje rashin nauyi, ba tare da an zaunar da shi aji ba.

Masu cewa babu kuɗi su duba da kyau. A talabijin balan-balan zai ci miliyoyin sefa, a rediyo kuwa zugazugi da igiya da muryoyi biyar ko shida sun wadatar, kuma gidajen rediyon karkara na iya maimaita shirin.

Wanda kuma ke ganin lokacin ɗaukar littafin Bafaranshe ya wuce, akwai na gida. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, labarin yaron da aka tafi da shi sararin samaniya, kuma da Hausa ya rubuta shi. Wannan sai an nemi izinin masu haƙƙinsa a Najeriya kafin a taɓa shi.